An ce jaririya tana da rami a zuciya: dole sai Indiya?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Agege. 'Yar ƙanena watanta biyar, kullum cikin tari da haki take, kuma ba ta ƙiba. An yi hoton zuciya an ce rami ne, sai an yi aiki. Wasu sun ce mu fara tara kuɗin Indiya, wasu sun ce mu bari ta yi ƙwari, ramin zai toshe da kansa. Shin a nan Legas ba a yin aikin ne? Kuma me ya sa 'ya'yan talakawa ba sa samun wannan magani, me ya kamata a gyara?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da ka tsaya wa ɗan'uwanka. Ban ga takardar hoton ba, don haka ba zan yanke hukunci kan yarinyar ba. Amma shawarwarin nan biyu da aka ba ku duk suna iya cinye muku abin da ya fi kuɗi tsada a wannan lalura, wato lokaci. Kafin a yi maganar fasfo, a ɗauko takardar nan a koma wurin likitan zuciya na yara, a tambaye shi abu uku: wane irin rami ne, yaya girmansa, kuma zuwa wane wata ne dole a ce an yi aikin.

"Rami a zuciya" suna ne da muke tara cututtuka da yawa a ƙarƙashinsa don iyaye su gane. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu kuma ya tura shi zuwa sauran jiki. Idan ramin yana bangon da ya raba ɗakunan sama, za ku ga an rubuta ASD, kuma wannan yakan jira har yaro ya kai shekara 3 zuwa 5. Idan an rubuta PDA, wata jijiya ce da kowane ɗan tayi yake da ita, wadda ya kamata ta rufe a kwanakin farko bayan haihuwa amma ta ƙi. Ita ana ɗaure ta ba tare da an tsayar da zuciya ba, ko a toshe ta da siririn bututun da ake zurawa ta jijiyar cinya. Idan VSD ne, ramin yana tsakanin ɗakunan ƙasa, kuma shi ya fi yawa. Akwai TOF, matsala huɗu a haɗe, wadda take sa leɓe da harshe da farce su yi shuɗi. Akwai kuma TGA, inda manyan jijiyoyi biyu suka yi musayar wuri, wanda aikinsa na makonni biyu zuwa ukun farko ne.

Masu cewa a bari ya toshe ba daga sama suka ɗauko maganar ba. Ƙananan ramukan VSD da yawa suna rufewa da kansu a shekarun farko, kuma yaron da ke da irinsu yana shan nono lafiya, yana ƙiba, sai dai likita ya ji wani sauti idan ya ɗora abin saurare a ƙirjinsa. Amma jaririyar da take haki, tana kama nono ta saki, ta huta, ta sake kamawa, goshinta yana tsattsafo da gumi ko da sanyin asuba, ga ciwon haƙarƙari yau da gobe, ga nauyi ya tsaya cak a katin awo, alamunta sun fi kama da na babban rami. Shi kuwa ba kasafai yake rufewa ba, kuma galibi ana son a gyara shi kafin yaro ya cika shekara.

A nan ne nake son ka natsu, domin wannan tarkon ya ci yara da yawa. Babban rami yana sa jini ya riƙa kwarara zuwa huhu da ƙarfin da ba a halicci jijiyoyin huhu don ɗauka ba. Wata da watanni suna fama, sai su fara kauri suna tsukewa don kare kansu. Da sun tsuke, jinin da ke ambaliya cikin huhu ya ragu. Sai haki ya lafa, tari ya yi sauƙi, yaro ya fara ɗan murmurewa. Gida ya cika da murna, kaka ta ce maganin da aka aiko daga gida ya karɓe shi, uba ya ce ai dama likitoci sun cika tsoratarwa, a daina zuwa asibiti. Alhali wannan sauƙin shi ne alamar ƙofa tana rufewa. Idan jijiyoyin huhu suka gama taurarewa, jinin yakan juya ya riƙa bi ta ramin daga dama zuwa hagu, yaro ya fara shuɗi, kuma daga nan toshe ramin kashe shi zai yi. Ko Indiya, ko Amurka, babu likitan da zai taɓa shi. Wannan lalacewa tana iya somawa tun yaro yana shekara ɗaya zuwa biyu, kuma ta fi sauri ga masu lalurar Down, wato lalurar da ake haifar yaro da ita mai jinkirta girma da koyo, waɗanda kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haifarsu. Babu abin da ya fi ciwo a wannan aiki kamar a kawo yaro ɗan shekara bakwai, an sayar da fili an haɗa kuɗi cif, ka duba ka ce an makara.

Batun ko ana yi a gida: ana yi. Tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yacoub, likitan nan ɗan asalin Masar da ya zo daga Ingila. A Legas, asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, wanda yake maƙwabtaka da unguwar Hausawa, da LASUTH da ke Ikeja, kusa da ku, duk suna da likitocin zuciya na yara, kuma duk an yi aikin zuciya a cikinsu. Akwai asibitoci masu zaman kansu da suke yi, akwai kuma cibiyar zuciya a asibitin koyarwa na Babcock da ke Ilishan a jihar Ogun, tafiyar da ba ta kai yini ba. PDA da ASD da VSD da TOF duk an sha gyara su a ƙasar nan. Masu sarƙaƙiya ƙwarai, musamman na jariran kwana-kwana, su ne har yanzu aka fi turawa waje. Wanda zai faɗa muku inda ya dace shi ne likitan da ya ga hoton. Ku yi hankali da dillalan asibitocin waje, domin kamasho suke ci.

To me ya sa, bayan shekara hamsin da farawa, har yanzu abin ya fi ƙarfin talaka? A ƙiyasi, cikin kowace haihuwa ɗari ana samun kamar jariri ɗaya da matsalar zuciya, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan suna buƙatar aiki a shekararsu ta farko. Ƙasar da take haihuwar jarirai kusan miliyan 7 a shekara, ka ga maganar dubun-dubatar yara ake yi duk shekara. Waɗanda ake yi wa aiki ba su kai cikin cokali ba. A ƙasashen da suka gina tsarin kula da su, kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara suna girma su zama manya.

Mutane suna ɗauka likitan fiɗa ne kaɗai ake nema. Aikin buɗe zuciya yana buƙatar injin da zai karɓi aikin zuciya da huhu yayin da aka tsayar da zuciyar, da ƙwararren da yake sarrafa injin, da likitan sa barci wanda ya saba da jarirai, da jini mai kyau a ajiye, da wutar da ba za ta ɗauke ba ko na minti ɗaya. Bayan an ɗinke ƙirji kuma sai ɗakin kulawa ta musamman, inda nas take tsaye kan yaro dare da rana tana lissafin kowane ɗigon fitsari. Rayuka da yawa a wannan ɗakin ake ceto su ko a rasa su. Bututai da matatar da jini yake bi ta cikinsu sau ɗaya ake amfani da su a jefar, kuma duk daga waje ake shigo da su da dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma take sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin aiki ya bi ta, na gida da na Indiya duka. Ga kuma japa, wato ƙaurar ma'aikata zuwa ƙasashen waje, kamar yadda 'yan Legas suke cewa: nas ɗin da aka shekara ana horarwa a ɗakin zuciya ita ce ta farko da asibitocin Ingila da Saudiyya suke zawarci.

Shi ya sa aikin yake zuwa da zango-zango. Tawagar likitoci ta zo daga waje, ta yi mako ɗaya ko biyu, a yi wa yara kaɗan, ta koma, ɗakin fiɗa ya yi shiru na watanni. Ina girmama masu wannan taimako, yara da yawa suna raye ta dalilinsu. Amma tawagar gida ba ta ƙwarewa sai tana aiki kowane mako, kuma jaririn da aka haifa da TGA ba zai jira zuwan baƙi ba. A ganina, duk tawagar da za a gayyato, a sa mata sharaɗin cewa ɗan gida ne zai riƙe wuƙa su kuma su tsaya a bayansa, kuma su riƙa komowa asibiti ɗaya shekara da shekaru har ya tsaya da ƙafarsa.

Haka nake kallon tura yara waje ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu, wanda shi kansa aka yi wa aikin zuciya a Amurka bayan gasar Olamfik ta 1996, ya kafa gidauniyarsa a shekarar 2000, kuma ta kai yara masu yawa aiki. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji na waje, irin su Chain of Hope da Magdi Yacoub ya kafa, da Save a Child's Heart. Ku nema, ba laifi, amma layinsu dogo ne, kada ku zauna jiran su kaɗai. Abin da yake damuna shi ne kuɗin jirgi da biza da masauki da abincin mai jinya ba ya barin komai a ƙasa. Da gwamnatoci da attajiran da suke biyan kuɗin Indiya za su zuba shi a cibiya ɗaya ko biyu a gida, su yi alkawarin biyan aikin yara adadi kaza kowane wata, da farashi ya sauko, domin kaya sari ake saye, ma'aikata kuma suna da dalilin zama. Ghana ta bi wannan hanya tun 1989, lokacin da Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar zuciya a Korle Bu da ke Akra, tare da gidauniyar da take tallafa wa marasa hali. Jihar Kerala a Indiya kuwa ta fito da shirin Hridyam a 2017: duk yaron da aka gano ana shigar da sunansa rajista ta intanet, likitoci su tantance wanda ya fi gaggawa, gwamnati ta biya. Rajistar nan ita ta fi burge ni, domin a nan yaron da ya fi samun aiki shi ne wanda hotonsa ya fi yawo a Facebook ko kawunsa ya san wani babba.

Doka kam akwai. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya kuma ta tanadi asusun marasa galihu, jihar Legas tana da nata shirin, Ilera Eko. Ku yi rajista, zai rage muku kuɗin ganin likita da kwanciya idan ciwon haƙarƙari ya tashi. Sai dai ƙaramin tsarin inshora bai cika ɗaukar babban aikin zuciya ba, don haka ku tambayi abin da ya ƙunsa a rubuce. Gyaran da ake buƙata shi ne a sa aikin zuciyar yara cikin abin da asusun marasa galihu yake biya kai tsaye.

Amma gyaran da ya fi araha yana can farko, a ɗakin haihuwa. Ka tuna ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa a auna iskar jini, wanda ya yi tashe lokacin korona? Akwai irinsa na jarirai. Idan jariri ya kwana ɗaya a duniya, a auna hannun dama da ƙafa ɗaya. Idan ya nuna 95 zuwa sama kuma hannu da ƙafa ba su yi nisa da juna ba, madalla. Idan ƙasa da 90 ne, a tura shi babban asibiti nan take. Abin da ya faɗo tsakani a sake aunawa. Minti biyar ne, kuma yana kama masu tsanani da yawa kafin su galabaita, abin da ido ba ya yi, domin shuɗi ba ya saurin nunawa a baƙar fata sai an duba harshe da dasashi. Ba ya kama VSD irin wanda nake zargi ga 'yarku, wanda alamunsa sai bayan wata ɗaya zuwa biyu suke fitowa. Shi katin awo ne yake tona shi. Nas ɗin rigakafi da ta ga nauyi bai motsa ba wata biyu a jere, ga haki, bai kamata ta tsaya kan faɗan "ba kya ba shi nono" ba. Yara da yawa an yi ta ba su maganin tari da na tamowa daga kemis zuwa kemis kafin wani ya tuna da zuciya.

Akwai kuma namu na cikin gida, mu Hausawan Legas, kuma gara mu faɗa wa kanmu. Mata da yawa a Agege da Mile 12 da Idi-Araba a gida suke haihuwa, babu wanda ya auna jaririn. Idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a sa uwa da ɗa a mota a ce su tafi gida a yi na gargajiya, a bar kati da takardar hoto a Legas, ranar komawa asibiti ta wuce. Idan an je asibitin ma, uwar da ta san yadda yaro yake kwana ba ta jin Turanci ko Yarbanci, uban da yake ji kuma yana kasuwa. Ina ganin fadar Sarkin Hausawa da kwamitocin masallatai za su iya tanadar matasa, musamman mata masu karatu, da za su riƙa raka iyaye asibiti suna tafinta. Kuma kasuwannin da ake juya miliyoyi kullum, daga mayankar Oko-Oba zuwa 'yan gwari na Mile 12, ba za su gaza kafa asusu na dindindin daga zakka da sadaka ba, mai amintattu da littafin lissafi, maimakon yawo da faranti ranar Juma'a bayan yaro ya riga ya jigata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don Allah kuma kada a ɗora wa uwar laifi. Zuciyar ɗan tayi tana gama haɗuwa a makonni takwas na farko, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da ciki, kuma a mafi yawan yara ba a gano wani takamaiman dalili. Abubuwan da aka san suna ƙara haɗari sun haɗa da ciwon suga da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki, da wasu magungunan farfaɗiya, da ƙyandar Jamus idan ta kama mai ƙaramin ciki, wadda Najeriya ta fara ba da rigakafinta haɗe da na ƙyanda a 2025. Auren zumunci ma yana ɗan ƙarawa. Idan matar ƙanenka ta sake samun ciki, ta faɗa a wurin awo cewa ta taɓa haihuwar mai ciwon zuciya, don a duba zuciyar ɗan tayin wajen wata na biyar. Yiwuwar maimaituwa kaɗan ce, kamar biyu zuwa uku cikin ɗari.

Kafin ranar aiki, aikinku shi ne yarinyar ta isa wurin da ƙarfinta. A riƙa ba ta nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, idan ta gaji da tsotso a tatsa a ba ta da cokali ko ƙaramin kofi. Idan likita ya rubuta mata maganin rage ruwa a jiki, ku sani ba ya toshe rami, sauƙaƙa wa huhu yake yi, kuma ana canza awonsa idan nauyinta ya canza, saboda haka ba a ci gaba da saye a kemis da tsohuwar takarda. A kammala rigakafi. A nisanta ta da hayaƙin gawayi da na janareta. Addu'a da tofi ku yawaita, amma wanzami kada ya taɓa ta: cire beli ko tsaga ƙirji yana zubar da jinin da take buƙata, kuma ƙwayar cuta tana iya bi ta nan ta sauka a zuciya. Idan numfashi ya yi sauri har haƙarƙari suna lotsawa, ko ta ƙi nono, ko zazzaɓi ya rufe ta, asibiti a daren, ba a jiran gari ya waye. Ga masu karatu da ɗansu mai shuɗi ne: idan ya shiɗe yana kuka, a rungume shi a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a lallashe shi, a nufi asibiti. Gudawa da amai ma ga irinsu gaggawa ne, domin jininsu yana da kauri.

Wajen neman taimako, ku haɗa fayil guda: sakamakon hoton zuciya, rahoton likita mai hatimin asibiti, takardar ƙiyasin kuɗi, takardar haihuwa, da katin shaidar iyaye. Ku yi kwafi da yawa, ku ɗauki hotonsu a waya. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ku je ku gabatar da kanku, su suka san lokacin da tawaga za ta zo da gidauniyar da take karɓar suna. Duk wanda zai taimaka, ya biya a asusun asibiti da sunan yarinyar, wannan yana kwantar wa mai bayarwa hankali kuma yana rufe bakin masu zargi. Kada ku ba kowa ita ya zaga da ita cikin cunkoson motoci yana bara. Idan likitan ya tabbatar cewa sai waje, ku nemi ya rubuta wa asibitin can da kansa, kuma ku amince tun yanzu cewa shi zai ci gaba da dubata in an dawo, domin wanda aka yi wa aikin zuciya yana buƙatar bibiya har girmansa.

Ranar da za ku koma asibiti, Alhaji, ka rufe shago ka bi su, a tafi da uwar da wanda zai fassara mata. Ka roƙi likitan ya rubuta muku a bayan kati watan da bai kamata a wuce ba tare da an yi aikin ba, sannan ka tambaye shi ko za a iya sa sunanta a layin aiki tun yanzu alhali kuna kan haɗa kuɗin.